Ranar da Ummi Ta Goya Ɗan Maƙwabta

Keken jarirai ne abin da idona ya fara sauka a kai ranar da muka isa gidanmu na ƙasar Finland. Wata Laraba ce a ƙarshen Sha'aban, ina 'yar shekara tara, ƙarfe uku na rana amma gari ya riga ya yi duhu-duhu kamar ana shirin kiran magariba. Motar haya ta ajiye mu a gaban wani bene mai hawa huɗu. Abuya, mahaifina, yana sauke akwatuna, Ummi kuwa idonta na kan ƙafafunta saboda santsin ƙanƙara, hannu ɗaya riƙe da abaya, ɗaya riƙe da kafaɗata. Ni kaɗai na waiwaya. Keken yana tsaye a gindin wata bishiya mai farin jiki wadda babu ganye ko ɗaya a kanta, an lulluɓe shi da shuɗin bargo, dusar ƙanƙara ta fara taruwa a kan rumfarsa, kuma babu kowa kusa da shi. Da na ƙura ido sai na ga wani siririn tururi yana fitowa daga bakin bargon, ya fito ya ɓace, ya sake fitowa, kamar na butar shayin da ta fara hucewa. Numfashi ne. Akwai mutum a ciki. Na buɗe baki zan ce wa Ummi ta duba, sai Abuya ya ce yalla mu shiga kafin mu daskare, na haɗiye maganata na bi su. Haka nake tun ina ƙarama, ina ganin komai amma ba na faɗin komai. Malamanmu na Madina har yabona suke yi a kan wannan hali, suna cewa ga yarinya mai kunya. Da sun san abin da kunyar za ta jawo wa uwata, da ba su yaba ba.

A unguwar Anbariyya ta Madina aka haife ni, a wani lungu da kakannin iyayena suka zauna bayan sun zo aikin hajji daga ƙasar Hausa ba su koma ba. Mu 'yan ƙasa ne, da Larabci muke karatu da ciniki, amma a cikin gida Sitti, kakata, ba ta amsa wa wanda ya gaishe ta da wani harshe in ba Hausa ba. A lungunmu ƙofa ba ta rufuwa sai lokacin barci. Da safe a aike ni sayen burodin tamis da dafaffen waken ful, in dawo in tarar da matan maƙwabta sun cika mana tsakar gida, wata na tsince shinkafa, wata na neman aron rariya. Da la'asar mu yara mu baje a bakin ƙofa muna carafke da ƙwallayen dabino, ko mu zana 'yar gala-gala da gawayi a kan siminti har a kore mu mu yi alwala. Ni kaɗai Allah ya raya wa Ummi, amma ban taɓa ganin bayanta babu ɗa ba. Tana da wani tsohon majanyi, saƙi fari mai ratsin baƙi, wanda aka ce uwar Sitti ce ta zo da shi daga Kano, kuma kusan duk yaron da ya tashi a lungun nan ya ɗanɗani ɗuminsa, na Bahaushiya da na 'yar Sudan da na Balarabiya. Tana wanke-wanke da ɗan wata a baya, tana shara da na wata. Idan aka haihu ita ake fara kira ta yi wa jariri wanka, ta gasa masa cibi, ta shafe shi da man zaitun. Ba ta tambayar na wane ne kafin ta ɗauka. "Ɗa na kowa ne," in ji ta, "wadda ta fara jin kuka ita ce uwa."

Kamfanin da Abuya yake wa aiki ne ya tura shi karatun shekara biyu a kan injinan tace ruwa, ya ce ba zai tafi ya bar mu ba. Sitti ta yi faɗa har ta gaji, bai ji ba. Shiggar da aka ba mu, wato gidan da ke hawa na uku, tana da ɗumi da tsabta, komai fari fat, amma shirun benen ya fi sanyin waje damun Ummi. Kowace ƙofa da sunan mai ita a rubuce da 'yar kafar jefa wasiƙa, babu takalmi a bakin ƙofa, babu ƙamshin girki, babu hayaniyar yara. Kwana uku Ummi tana haɗa gahawa da dabino tana jiran masu zuwa yi mana sannu da zuwa, ba wanda ya leƙo. Da azumi ya kama ta soya sambusa ta ce in kai wa matar da ke kusa da mu. Matar ta buɗe ƙofa kaɗan, ta dubi farantin, ta dube ni, ta karɓa kamar wadda aka miƙa wa sammaci. Washegari muka tsinci farantin a bakin ƙofarmu, wankakke tas, babu komai a ciki. A Anbariyya mayar da faranti wayam zagi ne. Idan wani abu ya dami mutanen benen kuma ba sa ƙwanƙwasa ƙofa su faɗa, takarda suke liƙawa a allon da ke gindin matakala: turaren wutarmu yana shiga musu ɗaki, turmin Ummi yana damun na ƙasa, mun yi wanki a lokacin da ba namu ba. Abuya ne ke karanta takardun da ƙamus a hannu, kuma kullum ƙarshen karatun ɗaya ne: "In ka je gari ka tarar kowa da wutsiya, kai ma ka nemi taka ka liƙa." Shi yana fita tun da sassafe, yana da abokan karatu da Turancin da zai yi hira da su. Ummi ce kullum ake nema ta liƙa wutsiya, ita kaɗai, a tsakanin bango huɗu.

Ni makaranta ta ɗauke min kewa. A bakin aji kowa yake cire takalmi ya yi yawo da safa, abin da ya sa na ji kamar na shiga masallaci. Da tsakar rana a ba mu dankali da kifi da baƙin burodi mai tsami, ni ina leƙen kowane kwano ina neman alamar da malamarmu ta nuna min ta naman da ba na ci. Duk sanyin da ake yi sai an kore mu waje lokacin hutu, yara na hawa tudun ƙanƙara suna sulalowa a kan faifan roba, ni ina raɓe a jikin bango, hannuwa cikin aljihu, ina sauraro. Da sauraron nan na tara kalmominsu kamar mai tara tsakuwa, ban dai taɓa jefa ko ɗaya ba sai in malama ta matsa. Kuma a hanyar makarantar na gane maganar keken nan. Na gan su a baranda, na gan su a bakin kanti, na ga uwar wata 'yar ajinmu ta ajiye nata a ƙofar makaranta ta shiga wurin malama hankalinta kwance. Al'adarsu ce. Suna naɗe jariri cikin ulu da fatar tunkiya su fitar da shi ya yi barcin rana a waje, sun ce iskar sanyi tana ƙara masa lafiya da nauyin barci. Na sani sarai. Wata rana ma muna tsaye a tagar kicin, wadda ke kallon bishiyar nan, Ummi ta nuna keken ta ce, "Mutanen nan dai ba ɓarayi a garinsu, dubi yadda suke barin kayansu a waje." Ta ɗauka ajiye shi ake yi kamar yadda ake jingine keke. Na so in faɗa mata. Na ji tsoron ta ce ƙarya nake yi, na ji kunyar in zama mai koya wa uwata abu, sai na ci gaba da goge kofuna.

Bayan ƙaramar Sallah da kamar wata guda, wata Alhamis, na dawo daga makaranta wajen ƙarfe ɗaya na rana. Sanyin ranar irin wanda gashin hanci ke daskarewa ne. Keken na nan a gindin bishiya, amma bargon ya zamo gefe, kuma babu tururi. Gabana ya faɗi tun kafin in taka matakala. Ina buɗe ƙofarmu na ji ƙamshin man zaitun, na kuma ji abin da rabona da jinsa tun Madina: Ummi tana waƙa. Tana kai da komo a tsakar falo, majanyin nan ɗaure a ƙirjinta, a bayanta ga wani ɗan farin kai mai gashi kamar audugar rimi ya kwanta lamo yana barci. Fuskarta ta koma irin wadda na sani. Ta ce ta sauka zubar da shara ne ta ji kuka, ta leƙa ta ga ɗan mutum a cikin ƙanƙara, fuska ta yi jawur, kumatu sanyi ƙalau kamar dutse. Ta tsaya ta yi ta kiran jama'a, ta ƙwanƙwasa ƙofofin ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya amsa, har yatsun ƙafarta suka mutu. "To in bar shi ya mutu ina kallo? Wace irin uwa ce za ta manta ɗanta a waje? Je ki, ya binti, 'yata, ke da kike jin yarensu, ki nemo ta ki ce yana wurinmu, ta zo ta sha shayi, kar hankalinta ya tashi."

Na san uwar. Anneli sunanta, a hawan ƙasa take, doguwa mai gajeren gashi, jaririn kuma Mikko. Na kuma san abin da zan ce, kalma uku ne kacal da yarensu, na yi ta maimaita su ina sauka. Na tsaya a ƙofarta, na ɗaga hannu, hannun ya ƙi sauka a kan katako. Ina nan tsaye sai ƙofar ɗakin wanki da ke ƙarƙashin bene ta buɗe, ga Anneli ta fito da kwandon kaya a kunkuminta. Ashe can take, ƙarar inji ta hana ta jin komai. Ta ajiye kwandon, ta gyaɗa min kai, ta wuce ta gefena har rigarta ta goge ni, ta nufi waje. A nan ne ya kamata in yi magana. Tsakanina da ita bai fi taku biyu ba. Na bar ta ta fita. Ihun da ta yi har yau yana cikin kunnena, ban taɓa jin ɗan Adam ya yi irin sa ba. Na bi ta na tsaya a jikin bishiyar ina kallo tana zazzage keken, tana leƙa ƙarƙashin motoci, tana gudu zuwa bakin titi tana dawowa, silifas ɗinta ɗaya ya fita ba ta sani ba. Ƙofofin da suka yi wata biyu a rufe duk suka buɗe. Ranar na fara ganin fuskokin maƙwabtanmu gaba ɗaya. Wani ya ruga ya buga waya, wani ya nufi tafki da gudu. Wani tsoho ma ya tambaye ni ko na ga wani abu, na sunkuyar da kai. Duk minti ɗaya da ya wuce sai maganar ta ƙara nauyi, domin yanzu in na faɗa za a ce me ya hana ni faɗa tun ɗazu.

Motar 'yan sanda na shigowa Ummi na fitowa daga bene, ta yafa bargo a kan goyon, tana tafe a hankali saboda santsi, tana murmushi tana faɗa da Hausa a lokaci guda, irin faɗan da babbar mace ke yi wa ƙaramar uwa mai sakaci. Anneli ta hango farin kan. Ta yi kanta, ta kama majanyin tana fizga ta baya, ba ta san ta gaba ake kwance shi ba. Ummi ta tsorata kar yaron ya suɓuce, ta riƙe kullin gam da hannu biyu tana cewa "Shwayya, shwayya, a hankali!" Su kuwa abin da suka gani shi ne baƙar mace cikin baƙaƙen kaya ta ƙi sakin ɗan mutane. Maza biyu suka riƙe hannuwan uwata. Uwata da ko musabaha ba ta taɓa yi da namijin da ba muharraminta ba. Da ƙyar ta samu ta sunkuya, ta sassauta kullin, ta zamo da yaron ta gefen kunkumi kamar yadda ake yi, ta miƙa shi. Yana ɗumi, yana ƙamshi, ko farkawa bai yi ba sai da ihun uwarsa ya tashe shi. Majanyin ya faɗi a kan ƙanƙara, wani ya taka shi. Ni na tsince shi.

'Yan sandan, mace da namiji, ba su wulaƙanta mu ba, gaskiya ɗaya ce. Sun hau shiggarmu, sun ga kwanon ruwan ɗumi da kwalbar mai da kofuna biyu na shayi da Ummi ta jera tana jiran baƙuwa, sun yi rubuce-rubuce, suka kira Abuya. Ya zo yana haki, ya yi ta magana da su da Turanci yana dariyar da ban taɓa jin ya yi ba, 'yar siririya, ta mai neman a ji tausayinsa. Sannan ya juyo wurin Ummi ya ce ta tashi su sauka ta ba matar haƙuri. "Haƙurin me, ya Abu Safiya?" in ji ta, tana kiransa da sunana kamar yadda ta saba. Ya ce na ɗaukar ɗan mutane. Ta ce ɗa na kowa ne. Ya ce, "Ba a nan ba. Halas, magana ta ƙare, tashi." Ta sauka, ta tsaya a ƙofar Anneli a gaban duk wanda ya ga dama ya kalla, ta maimaita kalmar da ya koya mata sau uku kamar 'yar makaranta. Da muka koma sama ya zauna ya cire takalmi, ya yi ajiyar zuciya, ya ce mu gode wa Allah da ya ba shi dabara: "Na ce musu ba ta yi makaranta ba, ba ta san komai ba, shi ya sa suka ƙyale ta." A gabanta ya faɗa, yana jiran a yaba masa. Matar da ta haddace izu ashirin, wadda rabin yaran Anbariyya a hannunta aka fara wanke su. Bai tambaye ta ko ta ji ciwo a hannun da aka murɗe ba. Bai ce da niyyar alheri ta yi ba. Ni ma da ta dube ni ta ce, "Ba ki faɗa musu ba ne?" sai na ce na faɗa, ba su ji ni ba. Ta karɓi majanyin daga hannuna, ta wanke shi, ta ninke, ta sa a ƙasan akwati.

Sauran zamanmu a ƙasar nan a inuwar ranar muka yi shi. Keken ya bar gindin bishiya ya koma baranda. Idan Ummi ta fito, matan unguwa su jawo kekunansu kusa da jiki, ba da faɗa ba, ba da harara ba, a hankali cikin ladabi, kuma ladabin nan ya fi zagi ciwo. A makaranta wata yarinya ta tambaye ni a layin abinci, da murya ƙalau kamar mai tambayar lokaci, wai uwata ce mai satar jarirai? Na ajiye cokalina na tafi ban ci ba. Daga baya Ummi ta daina fita gaba ɗaya. Ni ke zubar da shara, ni ke rubuta sunanmu a takardar ɗakin wanki, ni ke kakkaɓe darduma a ƙarfen da aka kafa a tsakar gida. Bazara ta zo, rana ta ƙi faɗuwa, yara na iyo a tafki, daji ya cika da 'ya'yan itatuwa, ita tana zaune tana tilawa da labule a sake. Wata safiya muka tarar da ɗan bokiti cike da shuɗayen 'ya'yan daji a bakin ƙofarmu. Ta kafar wasiƙa na leƙa na ga wadda ta ajiye, Anneli ce, ta ajiye ta juya da sauri ba ta ƙwanƙwasa ba. Ummi ta juye su, ta cika bokitin da dabinon ajwa da Sitti ta aiko mana, ta ce in mayar, ba a mayar da kwano wayam. Na kai, na ajiye, ni ma ban ƙwanƙwasa ba. A lokacin na tsani Anneli har cikin raina, ina cewa bokiti ba shi da baki, in tana da magana ta zo ta faɗa. Yanzu da na haihu na san abin da uwa ke ji idan ta leƙa ta ga wurin ɗanta wayam, na sauke mata rabin fushina. Rabin da ya rage na mutanen benen ne, da suka yi wata biyu ba su san da mu ba sai ranar da za su riƙe hannun uwata.

Mun dawo Madina, amma Ummin da ta tafi ba ita ta dawo ba. Matan lungu suka zo sannu da zuwa, kowace da sabon jariri tana miƙo mata, ita kuwa ta haɗe hannuwa a cinya tana cewa masha Allah daga nesa. Aka haihu aka aiko, ta ce kanta na ciwo. Sitti ta rasu ba ta san dalili ba. Daga baya aka rushe lungun, muka koma unguwar Ƙurban, kowa ya watse. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne Abuya ya mai da ranar nan abin ba da dariya. Duk taron Sallah, duk walimar aure, da zarar an ambaci ƙasar waje sai ya gyara zama ya ce, "Kun san labarin ranar da uwar Safiya ta saci ɗan Bature?" Maza su yi ta ƙyaƙyatawa har da tafi. Yana kwaikwayon tafiyarta a kan ƙanƙara, yana kwaikwayon "shwayya, shwayya." Ita tana bayan ƙofa tana zuba musu gahawa, tana ji. Shekara ashirin da 'yan kai yana ba da labarin, kullum shi ne gwanin da ya cece ta, kuma ko sau ɗaya bai lura cewa ba ta taɓa yin dariya ba. Ni na lura. Na lura, na kuma yi abin da na saba.

Watan jiya na haihu, na zo wankan jego gida. Kwana na biyar da rana ina banɗaki yaron ya farka yana tsala kuka. Na fito da sauri na tarar da Ummi tsaye a kan gadon, ta sunkuya, hannuwanta a sama da shi amma ba ta taɓa shi ba. Ta juyo ta ce, "In ɗauke shi?" Jikanta na fari. A gidanta. Wani abu ya taso min wanda ban san ina da shi ba. Na jawo tsohon akwatin daga saman kabad, na zazzage shi, na ciro majanyin na sa mata a hannu, sannan na faɗa mata komai ina kuka: na ga numfashi a keken tun ranar farko, na san al'adarsu, matar ta wuce ta gefena, bakina bai buɗe ba, ƙarya na yi. Ta ce, "Na sani. Da kika daɗe na leƙa ta taga, na gan ki a jikin bishiya kamar an dasa ki. Shi ya sa na sauko. Ke yarinya ce, ban taɓa riƙe ki ba." Ta shafa majanyin, ta ajiye shi a gefen gado. Ba ta ɗaura ba. Ta ce babba ne, Abuya, ya ce ta yi laifi, kuma bai taɓa cewa ba ta yi ba.

Yanzu mu ma a bene muke, ƙofofinmu a rufe, na'urar sanyi na gurnani, ban san sunan matar da ke samanmu ba. Idan yaro ya yi kuka a shiggar kusa, kowa sai ya ƙara murya a talabijin. Wutsiyar da aka ce Ummi ta liƙa a Finland, ga shi duk mun liƙa ta a Madina ba tare da wani ya tilasta mana ba. Ina kewar lungun da ba a tambayar ɗan wane ne, ina kewar bayan uwata da ɗa a kai. Na gane kunyar da ke barin mutum shi kaɗai a tsakiyar taro ba tarbiyya ba ce.

Shi ya sa na goge fuskata na nufi majalisi, falon maza, inda Abuya ke kishingiɗe bayan azahar, gemu ya yi fari, yana juya tazbaha. Ban taɓa tsayawa a kansa ba sai ranar. Ya ɗago ya ce lafiya, ya binti? Wannan karon muryata ta fito.

"Abuya, jikanka yana kuka, Ummi ta kasa ɗaukarsa. Ni na faɗi nawa laifin. Don Allah ka tashi ka je ka ce mata ba ta yi laifi ba. Ka faɗa da Hausa, a gabana."